Balamin da na Zaɓa wa Maigida

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar da na fara yi a Alƙahira ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in shaƙe wani.

Lokacin ni direba ne a gidan wani babban ma'aikacin jakadanci a unguwar Ma'adi. Boko kam aji huɗu na tsaya (malamin ne bai iya koyarwa ba), amma rago? Ubana dillalin tumaki ne, kuma babu wanda ban faɗa wa haka ba. Shi ya sa Maigida ya ce, "Baba Direba, ragon layyata na hannunka. Baƙi zan yi, kar ka ba ni kunya."

Na tafi Hayyin Ashir inda ake tara raguna, tare da Malam Isufu, wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi mai bakin tsiya. Tumakin Masar kuwa abin haushi ne. Gashi buzu-buzu kamar katifa ta fashe, ga wata faffaɗar wutsiya mai kitse ta rufe bayansu ruf. Can na hango wani dogo, hanci a lanƙwashe, ciki kamar tulu.

"Wannan jinin Balami ne," na ce.

Isufu ya ce, "Haba Baba! Balami a Masar? Wa ya ba shi biza? In ma jininmu ne, Uda ne. Dubi baƙin wuyansa."

"Dauɗa ce!"

"To ina ƙahon?"

"Balamin asali bai damu da ƙaho ba. Kai da ka tashi cikin awaki me ka sani?"

Muka yi ta yi har mutane suka taru. Na auna kunne da tafin hannu, na buɗe baki na ƙirga haƙora, na jawo tarihin tumaki tun daga Borno. Bamisiren mai garken ya matso yana "Ya Hajj, ya Hajj," ya kai hannu zai ɗaga wutsiyar ya nuna min wani abu. Na buge hannun.

"Khalas, ya isa haka! Ni za ka koya wa rago?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Tamam." Wato shi ke nan. (Wannan tamam ɗin, Allah ya isa.) Na biya kuɗi, muka kai shi gida.

Ranar Sallah an sauko Idi, baƙi sun cika gida, har da Isufu. Ina wasa wuƙa ina yi musu lacca kan Balami, sai muka ji Hajiya, matar Maigida, ta rafka salati a bayan gida. Muka ruga.

Ga Balamina nan kwance, yana lasar 'ya'ya biyu.

Sai Isufu ya gyara hula ya ce, "Barka da arziki, Baba. Yaran Balami ne ko Uda?"

Maigida bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ajiye wuƙar." Baƙi suka ci shinkafa da kajin firji. Layya sai washegari aka yi, da ragon da Isufu ya zaɓo, kuma ni na tuƙo shi a mota, shi da ragon.

Tun daga ranar, daga Ma'adi har Hayyin Ashir, sunana Ungozoma. Jikokina ma sun ji labari.

Har gobe ina nan kan bakana, tunkiyar nan tana da jinin Balami. Sai dai yanzu, kafin in tambayi dabba asalin kakanninta, wutsiya nake fara ɗagawa.