Rimot ɗin Motata da Ɗaurin Auren Sani

Abubuwa da yawa na waɗancan shekarun sun ɓace mini, amma ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tarwatsa ɗaurin auren ƙanena Sani. Ba da niyya ba, zama kawai na gyara.

Lokacin Kano tana cikin halin tashin bama-bamai. Shingen sojoji ko'ina, a ƙofar masallaci sai an shafa ka da na'ura, mota kuwa in ta daɗe a ajiye babu mai ita sai mutane su fara ja da baya. Ni kuma ina da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano wadda robar maɓallan rimot ɗinta ta cinye har ta huje, sai na zura tsinken sakace kafin ƙofa ta buɗe. Na kai wa wani mai yankan makulli a wajen Ƙofar Mazugal, ya ce sai dai a canza gidan rimot ɗin gaba ɗaya. Na ce masa zan dawo (kowane Bakano ya san ma'anar wannan), na tafi ina ce wa raina ai ni malamin kimiyya ne, shekara nawa ina koyar da yadda wuta take bin waya.

Ranar Juma'a bayan la'asar na shimfiɗa tabarma na fara aiki. Na ɓalle rimot ɗin da bakin wuƙa, na goge cikinsa da auduga, na yanko 'yan ƙananan robobi daga tsohon tiyub ɗin keke, na manna wa kowace ɗaya takardar cingam mai ƙyalli da sufagulu. Wajen rufewa haƙoran murfin suka karye, sai na naɗe shi da baƙin salatif, na ɗaura masa guntuwar jar waya a madadin zoben da ya cire. Matata Hajara ta leƙo ta ce ya yi kama da layar 'yan dambe. Ban kula ta ba. Na danna, mota ta amsa daga waje tun kafin yatsana ya gama sauka. Da ina da hankali da nan na gane robar ta yi kauri, amma ni daɗi na ji.

Ga abin da ya sa ranar ta dame ni. Mahaifinmu bai daɗe da rasuwa ba, ni ne babba, kuma wannan ne karon farko da zan zauna a gaban mutane in karɓi aure da sunan gidanmu. Baffan amarya, Alhaji Mudi na Soron Ɗinki, ya taɓa tambaya cikin ladabi ko ba mu da wani dattijo a dangi. Muna da shi, Baba Iro, ɗan'uwan mahaifinmu. Ni ne na dage cewa na isa.

Da safe 'yan sintirin unguwa suka tare bakin layi da benci, kowa ya ajiye mota can nesa. Na ce musu ni ne wakilin ango, ga buhunan goro da alewa a but, suka ɗage mini. Na ajiye ta daf da masallaci, na jefa rimot a aljihun wando, na shiga na tanƙwashe ƙafa a gaban liman, babbar riga sai ƙamshin sitaci take.

Aka yi huɗuba, na nemi aure kamar yadda na yi ta bita a gaban madubi, Alhaji Mudi ya ce, “Mun ba ku.” Saura ni in ce mun karɓa. Sai na ɗan gyara zama don muryata ta fito sosai.

A waje wata mota ta kwarma ihu. Ta taga muka ga fitilu suna walƙiya, but ya ɗaga da kansa, ga baƙaƙen buhuna a ciki, babu kowa a kusa. Wani ya yi salati, shi ke nan. Masallaci mai ƙofa biyu, amma na ga dattawa sun fita ta wuraren da ban san akwai ba. Ni ma na fita. Wannan ne ban cika faɗa wa mutane ba: na gudu daga motata, kuma na tsere wa kusan kowa. Sai da na kusa Jakara, babu hula babu takalmi, na tsaya ina haki, sannan na ji kamar na san wannan kukan.

Na dawo a hankali kamar mai zuwa kallo. Mutane sun yi cirko-cirko a bakin layi, shugaban 'yan sintiri yana tambayar mai motar, wani yana cewa a kira sojoji. Na ɗaga hannu. Aka ce in je in kashe ta. Sai na zura hannu a aljihu na zaro abin nan baƙi, naɗe da salatif, jar waya tana reto, na ɗaga shi sama don kowa ya gani ya kwantar da hankalinsa. Rabin layin ya kwanta a ƙasa.

“Malam, ajiye shi a hankali,” in ji shugaban, daga bayan wani kiyos. Aka turo bokitin ruwa da sanda, na saka shi a ciki. Motar dai ba ta yi shiru ba sai da wani bakanike ya cire mata kan batir. Aka buɗe buhuna aka ga goro. Babu wanda ya yi dariya a lokacin, kuma ban ga laifinsu ba, akwai waɗanda suka binne 'yan'uwansu a watannin nan. Kunyar da na ji ta fi ta gudun.

Da aka koma ciki, kowa ya tuɓe takalmin da ya tsinta wajen gudu a bakin ƙofa, Alhaji Mudi bai yi faɗa ba. Ya dubi liman ya ce shi dai ya bayar, amma bai ji wanda ya karɓa ba, don wanda ya ba wa ya tafi. Sannan ya waiwaya ya ce, “Ina Malam Iro?”

Baba Iro, wanda ciwon gwiwa ya hana gudu, yana nan inda aka bar shi. Ya matso ya ce, “Mun karɓa.” Aka shafa fatiha ina can sahun baya.

Abin da na koya shi ne, in mai sana'a ya ce a canza abu, to a canza, kimiyyar aji ta tsaya a aji. Tun daga ranar an ɗaura aure uku a gidanmu, kuma kowane sai an kira ni da girmamawa an ba ni aikina. Ni ne mai nuna wa baƙi inda za su ajiye mota.