Rantsuwar Giwar Afirka

"Duniya kaf Najeriya take kallo!" in ji Badaruddeen, yana dukan teburin mai shayi a bakin kasuwar Kurfi. "Da kiɗanmu ake rawa a Landan. 'Yan ƙwallonmu ke riƙe da Turai. In mun tsawata, Afirka sai ta yi tsit!"

Kai mai karatu, da ka san talikin nan da tun yanzu ka fara dariya. Iyakar tafiyarsa a duniya Dutsin-Ma ce, ita ma sai ranar kasuwa, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya raka Najeriya Majalisar Ɗinkin Duniya. Giwar Afirka ake kiransa, alhali ko ɗan akuya ya fi shi tsoka.

Ilu ɗan acaba, shu'umin gaske, ya kurɓi shayi ya ce, "Ranka ya daɗe, to mi ya sa kake hawa babur ɗin Indiya?"

Mai hankali da ya yi murmushi ya bar zancen. Ina! Gogan naka sai ya miƙe, jijiyar wuya ta tashi. "Na rantse da Allah, duk abin da ba ɗan ƙasa ba ne, a jikina ko a gidana, yau ba ya kwana! Ku kwasa!"

Magana zarar bunu. Ilu ya miƙa hannu, makullin babur ya koma aljihunsa. Mai shayi ya cire masa hula ya juya ta. "Ta Sin ce." Agogo ya bi, waya ta bi, takalmi ya bi. Da aka zo kan shadda ya ɗan yi gardama, sai aka kira telan da ya ɗinka ta, ya ce daga Kwatano aka kawo yadin.

Haka aka rako shi gida, daga shi sai gajeren wando, yana ta yaƙe. "Ku kwasa! Ƙasa ta fi kaya!"

Aka kuwa kwasa. Buhun shinkafa 'yar waje, rediyo, fanka, fitila, har da darduma. Sakaran yana tsaye bakin zaure ya riƙe ƙugu, wai shi gwarzo.

Matarsa Batula ta leƙo ta tambayi abin da ke faruwa. Aka kwashe labari aka faɗa mata. Sai ta koma ɗaki. Jim kaɗan sai ga ta da mayafi, akwati a ka.

"Ke Batula, ina zuwa?"

"Maraɗi, Malam. Can aka haihe ni, daga can aka kawo maka ni. Ba ni sa ka kaffara."

Nan fa giwa ta durƙusa. Babur dai a sayi wani, amma wa zai tuƙa tuwon dare? Ido ya raina fata, murya ta koma ta ɗan tsako.

"Haba uwargida! Ai ban da mutane! Ilu, gaya mata ban da mutane!"

"Duk ka ce, ranka ya daɗe," in ji Ilu, yana tada babur. "Hajiya, tasha ko?"

Ta hau ta gyara zama. Badaruddeen ya biyo su a guje, ƙafa ba takalmi, yara na ta shewa.

"Batula, tsaya! Ai Nijar ƙanwarmu ce! Duk ECOWAS muke!"

Ta waiwayo ta dube shi tun daga ƙeya har gajeren wando.

"Wannan a da ne, Malam. Mun fita tuni."