Rasuwar Taɓarya, Lasifikar Falo

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har baki, maigidan nan kafinta, a madadin mahaifiyarsa da maman yara da yaran kansu, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan sana'a rasuwar doguwar lasifikar falonsa, wadda aka fi sani da Taɓarya. Yana kuma gargaɗin duk wanda ya saba leƙowa ranar Asabar don gaisawa da Yaya Babba ta kwamfuta, da ya zo da shirin ganin abu ya lalace. Kiran wannan makon yana tafe, akwai magana mai nauyi a cikinsa, kuma Kaka ba ta da abin da za ta ji shi da shi.

Marigayiya ta shigo gidan ne a shekarar da babbar 'yar gidan, wadda ƙannenta ke kira Yaya Babba, ta tafi karatu nesa. Baƙa ce, doguwa, mai nauyi, shi ya sa yara suna ganinta suka raɗa mata wannan suna. Maigidan da hannunsa ya yi mata kanta da katako mai kyau a ƙarƙashin allon kwamfuta. Kebul ɗaya ne tsakaninta da kwamfutar, kuma ban da shi da wuta ba ta taɓa roƙon kowa komai ba.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta. Idan aka kunna ta sai ta ce "bum" sau ɗaya, can ƙasa, kamar dattijo ya gyara murya, daga nan ta jira a ba ta abin faɗa. Ba ta ƙara wa magana gishiri, ba ta rage ta. An taɓa kifar mata da shayi, ta yi kwana biyu tana shaƙewa, ta warke ba tare da an kai ta ko'ina ba. Babban alherinta kuwa ga Kaka ne, mahaifiyar maigidan, wadda kunnenta ya yi nauyi har ba ta jin waya ko an manna mata a kumatu. Muryar Taɓarya mai kauri ce kaɗai ke shiga kunnen, kuma ta cikinta take jin jikarta duk mako.

Rashin lafiyar ta fara ne da kyakkyawar niyya. Hasken allo ya soma damun idon Kaka, aka mayar da kujerarta ƙarshen falo kusa da taga. Maigidan, wanda ba ya iya ganin abu a zaune lafiya bai taɓa shi ba, ya sayo wa marigayiya ƙanwa: siririya, fara, marar kebul, mai aiki da bulutut. Ya ajiye ta a gefen Kaka. Ya kalli bidiyon koyarwa har idonsa ya yi ja, ya sauke wata manhaja, ya yi nasarar sa kwamfuta ɗaya ta yi magana ta baki biyu. Ranar ya yi yawo a gidan kamar wanda ya ƙera jirgi.

Sai dai bakin biyu ba su taɓa haɗuwa ba. Ɗaya ta faɗa, ɗaya ta maimaita. Yaya Babba ta ce "Kaka, ina wuni," falo ya ce "ina wuni, wuni." Kaka, mace mai ladabi, ta riƙa amsa kowace gaisuwa sau biyu, har ranar da ta gaji ta ce, "Wace marar kunya ce a gidan nan take kwaikwayon jikata?"

Maigidan ya tsaya a tsakiyar falo ya yi bincike irin nasa, ya yanke hukunci cewa tsohuwar ce ke makara. Hujjarsa ita ce tsohuwa ce. Maman yara ta kara kunne a jikin wannan, ta je ta kara a jikin waccan, ta ce, "Baban yara, sabuwar taka ce fa ke zuwa daga baya." Ya ce mata abin da ke tafiya ta iska ba zai taɓa bari mai jan kebul ya riga shi ba, wannan ko yaro ya sani. Ta ce to, ta koma kicin.

A cikin manhajar akwai wurin da ake sa jinkiri. Ya sa wa sabuwar, don ta riƙa jiran yayarta. Tazara ta ƙaru. Ya ƙara mata, tazara ta sake ƙaruwa, har ya zama mutum zai iya kurɓar ruwa tsakanin "ina" na farko da na biyu. Wani da ya ga haka zai tsaya ya yi tunani. Shi abin da ya gani shi ne jikin Taɓarya yana ƙara tsanani.

Nan ilimin sana'a ya shigo. A shago, idan injin yankan katako ya fara jan ƙafa, wuta ce ta yi masa kaɗan. Ya buɗe akwatin tarkace ya zaƙulo wata ƙatuwar adafta ta tsohon injin huda, bakinta ya shiga ramin marigayiya daidai kamar don ita aka yi. Akwai ƙananan lambobi a bayan adaftar, akwai wasu a bayan lasifikar. Tabaransa kuwa yana shago, bai karanta su ba.

Ranar Asabar da la'asar aka taru. Yaya Babba ta bayyana a allo, ba ta yi wasan da ta saba da ƙannenta ba, ta ce, "Baba, Mama, a matso da Kaka. Akwai maganar da na daɗe ina juyawa, na yanke shawara, ina so kowa ya ji daga bakina." Maigidan ya ga irin wannan magana ba ta jin ta biyu-biyu ba ce, ya durƙusa bayan kanta ya zare adaftar marigayiya ya soka tasa.

Ta ce "bum", da ƙarfin da ba a taɓa jin ta da shi ba. Ta ce "zzzz". Sannan ta ce "tas", wani siririn hayaƙi ya fito ta gefenta, falo ya cika da ƙaurin roba. Wutar ɗakin ta ɗauke, kwamfuta ta mutu, Yaya Babba ta ɓace da bakinta a buɗe.

Mai gyaran da ke bakin titi ya buɗe cikinta washegari, ya shinshina, ya mayar da murfin a hankali. Ya ce lafiyarta ƙalau har lokacin da aka ba ta maganin. Maman yara tana wurin, kuma maigidan yana gode mata da ba ta tuna masa maganarta ba, ko da yake ta dube shi.

Maigidan ya kira Yaya Babba ta waya. Ta ce ba komai, Baba, lafiya lau. Ya ce to mene ne maganar? Ta ce ba ta waya ba ce, sai Kaka tana ji, don ba ta so tsohuwa ta samu labarin a bakin wani. Ya lallaɓa, ya yi faɗa, ya tura uwarta. Taurin kan yarinyar an san inda ta gado shi.

Marigayiya ta rasu ta bar kwamfuta ɗaya, da kantar katako wadda yanzu ƙura ta zana siffarta a kai, da rimot mai ɗaure da roba, da adaftarta ta asali wadda ba ta da laifin komai. Ta bar ƙanwa, mai siririyar murya da Kaka ta ce kamar sauro a cikin kwalba. Har yanzu jinkirin da aka sa mata yana nan, saboda maigidan ya manta inda ya shiga ya sa shi, don haka mai magana a allo yakan rufe baki kafin a ji abin da ya ce.

Gawar tana cikin kwalinta a saman kabad. Ranar Juma'a da hantsi za a ɗauke ta zuwa shagon mai gyara, inda zai cire abin da zai amfani wasu, ragowar a miƙa wa masu sayen tarkace. Ana karɓar gaisuwa a shagon kafinta. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da shawara, an samu isasshiya a gida. Wanda yake da lasifika mai kebul, mai kaurin murya, ya taimaka da aronta kafin Asabar, kuma an yi alkawari maigidan ba zai taɓa bayanta ba.

Ko karatun za ta bari, ko wani ne ya fito, ko cewa za ta yi ba za ta dawo ba, maigidan ya auna kowanne ya kasa cin abinci a kansa. Har zuwa rubuta wannan sanarwa, babu wanda ya san abin da Yaya Babba za ta faɗa, kuma ba a san ko Kaka za ta ji ba.