Ranar Da Aka Fara Shinshina Kunun Inna

Ko da zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da bazarar da aka yi auren Yaya Sani ba. Har yau in na ji ƙanshin nunannen mangwaro sai in ji kamar in nemi rami in shige.

Bari in fara da Inna, don ita abin ya fi shafa. A ƙauyenmu, can gefen Tofa, ba mai kiran mahaifiyata da sunanta, sai dai Inna Mai Kunu. Tun da Baba ya rasu, da kunun zaƙi ta riƙe gidanmu. Suna ne, biki ne, sauka ce, ko gayya a gona, a wurinta ake saye. Mutum zai karɓi gorar kununta ya kafa kai ido rufe, don an san tsabtarta, an san hannunta. Kuma dokarta ɗaya ce tak: kunu ba ya kwana. Duk abin da ya rage da magariba, ko a miƙa wa maƙwabta ko a zuba wa awaki.

Ni kuwa wannan doka ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, ga waya a hannu, ga kai cike da dabaru. Kullum ina ce mata, "Inna, wannan ai asara ce. 'Yan kamfani lemonsu yana wata da watanni a shago bai lalace ba, ga gas, in ka buɗe ya ce tsss. Mu me ya hana mu?"

Sai ta ce, "Ku 'yan boko ba ku da aiki. Miƙo mini ludayi."

Wata rana a shagon cajin waya na ci karo da wani bidiyo. Wani Bature ne mai dogon gemu, cikin natsuwa, yana sarrafa alkama. (Gemun nan ya taimaka wajen halaka ni. Na ɗauka mutumin kirki ne irin ustazanmu.) Turancinsa ta hanci yake fita, ban tsinci komai ba, to amma ai hannu ba ya buƙatar tafinta. Na ga ya dafa tsiron alkama, ya tace, ya zuba wasu jajayen 'ya'yan itace, ya barbaɗa wani gari, ya rufe. Can sai ga shi ya tsiyaya abin a kofin gilas, ruwan gwal, kumfa fara sol a sama. Na ce shike nan, Allah ya kawo ni gidan lemon gas! Ashe kallon kitse nake yi wa rogo.

Yanzu bari in yi muku bayanin yadda ake yi, don wallahi abin akwai ban sha'awa. (Kun ga halin nawa ko? Har yanzu bai sake ni ba.) Za ka jiƙa alkama, ka tsane, ka shimfiɗa a kan buhu mai danshi ka lulluɓe, kana yayyafa ruwa har ta fito da ɗan farin tsiro. Wannan tsiron shi ke mayar da garin hatsi ya yi zaƙi, kamar dai yadda mata ke yi da tsiron dawa. Sai ka shanya, ka kai inji a ɓarza, ka jiƙa a ruwan zafin da bai tafasa ba. In ka ɗanɗana sai ka rantse zuma aka sa. Ka tace, ka tafasa, ka bar shi ya huce. Ni jajayen 'ya'yan itacen Bature ban san inda zan samo ba, sai na matse mangwaron bayan gidanmu. Garin da ya barbaɗa kuwa na gane shi, yis ne, irin na fanke.

Gwajin farko a gora biyu na yi, washegari muka buɗe. Ya ce tsss! Kumfa ta taso, ga zaƙi, ga ƙanshin mangwaro, yana ɗan cizon harshe. Ƙanwata Ummi ta sha ta ce, "Yaya, wallahi ya fi na shago." Ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Har suna na raɗa masa a raina, har na fara hango hotona a jikin mota.

Da bikin Yaya Sani ya matso, na tasa Inna gaba da magiya a kan ta bar ni in yi wa maza na walima, ita ta ji da na mata.

Ta ce, "Wane irin kunu ne ake sa wa yis sai ka ce fanke?"

"Inna, ba kunu ba ne, lemo ne. Zamani ne ya zo da shi."

"Zamanin ya zo lafiya. Ni dai kada ka ja mini magana."

Ta ɗanɗana, ta ce ba laifi. Ta ɗebar mini daga alkamar da ta sayo a kasuwar Dawanau, ta ba ni babbar tukunyarta, ta ba ni gorunan robar da take zuba kununta, masu ɗaurin jan zare a wuya, waɗanda duk garin an san nata ne. Wato ta ɗauki sunanta ta damƙa mini. A lokacin ban ga haka ba, goruna kawai na gani.

Na haɗa, na ɗura, na ɗaure murafe tamau, ana gobe ɗaurin aure. Sai ga saƙo da yamma: kakan amarya ya rasu. Aka ɗaga biki sai bayan sadakar bakwai.

Inna ba ta yi asarar komai ba, don ko geronta ba ta jiƙa ba. Ta dube ni ta ce, "Wannan naka a rabar da shi yau. In lokaci ya yi ka sake wani."

Na ce to. Amma ina! Tsiron da na yi ta lallaɓawa kamar jariri, mangwaron da na matse har hannuna ya yi kanta, shi zan raba wa yaran unguwa? Na kwashe gorunan na kai ɗakin ajiya, na tura bayan buhunan gero na rufe da tabarma. Ɗaki mai rufin kwano, a tsakiyar bazara. Ko ƙwai ka ajiye a ciki sai ya dahu.

Gorunan suka kumbura suka yi tauri kamar dutse. Kullum da safe in lallaɓa in sassauta murafe su huce. Da na ɗanɗana sai na ji zaƙin yana guduwa, wani ɗan ɗaci-ɗaci yana shigowa. Me mai hankali zai yi? Ya zubar. Me na yi? Na ƙara suga. (Daga baya na gane yis ɗin nan abu ne mai rai, suga yake ci, kuma abin da yake fitarwa ba gas kaɗai ba ne. Wato ni ina can ina yi wa ɓarna kiwo.) Kuma kada in yi muku ƙarya, zuciyata ta ɗan raya mini wani abu. Duk ɗan ƙauye ya san abin da hatsi ke zama in ya jima a jiƙe. Sai na ce ai wannan ba dawa ba ce, alkama ce, kuma da ilimi aka yi shi.

Ranar biki da safe Inna ta gan ni ina jera goruna a baho, ina fasa ƙanƙarar da na sayo a Tofa. Hannunta duk ƙullu, ta ce, "Sabo ne dai ko?"

Na ce, "Sabo fil, Inna."

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya. Dattawa suka zauna, Malam Liman a tsakiya, ango a gefensa cikin farar shadda. Na fito da baho ina washe baki, na ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji: "Sabon samfuri daga gidan Inna Mai Kunu!"

Ana zafi, abin ya yi sanyi, ga jan zare a wuyan gora. Ba wanda ya tsaya tambaya. Malam Liman ya yi bisimilla ya kurɓa, ya lumshe ido.

Ya ce, "Ikon Allah. Wannan har cikin hanci yake shiga. Yaro, Allah ya yi maka albarka. Akwai ƙari?"

Na ba shi ƙari. Da hannuna, jama'a. Har da rusunawa.

Aka fara nasiha ga ango. Malam Liman mutum ne mai taƙaita magana, amma ranar sai ya ɗauko haƙƙin miji a kan mata ya kai ƙarshe, ya sake ɗaukowa daga farko. Ya cire malafa yana fifita, yana cewa garin yau da nauyi. Wani tsoho, Baba Ɗanjuma, wanda tun da nake ban taɓa ganin haƙoransa ba, sai ga shi yana ƙyaƙyata dariya ba dalili. Ni kuwa ina gefe ina jin daɗi, wai lemona ya sa walima ta yi armashi.

Sai ga Kawu Ado ya iso a makare. Ƙanin Inna ne, tsohon direban babbar mota, ya yi shekaru a kudu kafin ya dawo gida ya kama sahun gaba a masallaci. Na miƙa masa gora. Yana murɗa murfin sai ta yi bam! Murfi ya yi sama, kumfa ta yi tsiri ta wanke wa ango gaban riga. Aka yi ta dariya. Kawu Ado bai yi ba. Ya kai gorar hancinsa, ya ajiye ta a hankali kamar wanda ya taɓa maciji.

Ya ce, "Malam, nawa ka sha?"

"Biyu. Lafiya?"

"To, ni dai ba cewa na yi na sani ba. Amma kada a ƙara."

Baba Ɗanjuma ya ce, "Kai Ado, faɗi mana! Mene ne?"

Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Giya ce."

"A ina ka san ta?"

"A inda na san ta Allah ya yafe mini. Ku dai ku ajiye. Kuma wallahi ba ƙarama ba ce."

Sai salati ya ɓarke. Wannan na tofarwa, wancan na neman buta, wani ya zagaya bayan katanga yana tura yatsa a maƙogwaro. Malam Liman ya kuskure baki ya fi a ƙirga, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce wanda ya sha bai sani ba babu laifi a kansa, Allah mai gafara ne. Sannan ya ɗaga gorar ya dubi jan zaren, ya dubi ƙofar gidanmu. Kowa ma can ya duba.

Na ce, "Wallahi ni ne! Inna ba ta sani ba! Ta ce in rabar, ni na ɓoye!" Ina ta rantsuwa kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa.

Wani daga dangin amarya ya ce, "A tukunyar wa aka dafa?"

Yaya Sani ya dube ni, rigarsa tana ɗiga, ya tashi ya bar wurin. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Kafin magariba labari ya riga ni shiga cikin gida. Matan da suka zo biki suka fara ajiye kofunan kunu, kunun Inna na gaskiya, wanda ta dama da asuba. Na same ta a bakin murhu. Na durƙusa ina jiran faɗa, ina ma roƙon Allah ta yi. Ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Na tambaye ka sabo ne." Ta tashi ta tattara gorunan, ta tsiyaye su a kwata, ta tsinke jan zaren ɗaya bayan ɗaya, ta watsa a wuta.

Ni abin da ya same ni mai sauƙi ne. Samari sun sa mini suna Manajan Kamfani, in na wuce majalisa sai wani ya ce tsss. Kawu Ado ya daina amsa gaisuwata na wani lokaci, don na tono masa abin da ya binne. Duk wannan na iya ɗauka.

Na Inna ne ban iya ba. Masu bikin sunan da suka riga suka yi maganar kunu suka aiko wai an fasa, 'yan uwa za su dama. Babbar tukunya ta koma bayan ɗaki aka kife. Na bi gida-gida ina bayani, har wurin Malam Liman na je, ya kuma faɗa a masallaci cewa baiwar Allahn nan ba ta da hannu. An ji, an yarda, a hankali wasu suka dawo. Amma yanzu duk wanda ya karɓi gora sai ya buɗe, ya kai hanci tukuna, sannan ya sha. Ba da mugunta suke yi ba, hannu ne kawai ya saba. Ina kallon Inna duk lokacin da aka yi haka, sai ta kawar da kai ta shiga gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Shekara da shekaru tana wannan sana'a ba a taɓa shinshina mata kunu ba, sai da ta haifi mai ilimi.

Yanzu ni ke zuba wa awaki ragowar kunu da magariba, ba sai an sa ni ba. Ko su ma, in na ajiye kwanon, sai sun shinshina.

Darasin da na koya, ga shi kyauta: in ka ga Bature mai gemu yana dafa hatsi yana murmushi, nemi tafinta kafin ka nemi tukunya. In kuma tsohuwa ta ce maka abu ba ya kwana, kada ka tsaya tambayar dalili. Ni na tsaya, kuma a gaban liman aka ba ni amsa.