Wanda Ke Zaune a Bencin Baba Seidu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da liman da rabin unguwarmu ta Akwatialine suka taru a tsakar gidan hayarmu don in nuna musu fatalwa a cikin kwamfuta. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Sana'ata gyaran waya ce a kasuwar Race Course, amma abin da ya cinye mini zuciya shi ne haɗa gem, wato wasan kwamfuta. Burina in yi wanda mutum zai riƙa yawo a lungunan Zango, yana tsallake kwata yana kauce wa masu tallan koko. Da farko na zana komai da 'yan murabba'ai, irin na tsofaffin gem. Abokina Fuseini tela ya leƙa ya ce mutanena sun yi kama da ƙwayoyin sukari. Na koma zanen katun, ya ce wannan na yara ne. Na gwada salon nan mai kusurwa-kusurwa, ya ce kamar an fere doya an sa mata hula. (Fuseini bai taɓa zana ko da'ira ba, amma bakinsa ya fi almakashinsa kaifi.) Haushi ya sa na rantse sai na yi irin na manyan kamfanoni, wanda ba ka bambanta shi da hoton gaske.

Sai na samo wata manhaja. Kana zagaya wuri da waya tana ɗaukar hotuna barkatai, daga baya ta ɗinke su wuri guda, wurin ya tashi cikin kwamfuta har ka iya shiga ka yi yawo. Sharaɗinta ɗaya ne: kada komai ya motsa. Abin da ya motsa, dagulewa yake yi. To, a gidan da ke da ɗakunan haya jere da yara da kaji, yaushe za a samu komai ya tsaya cak?

A cikin haka mai gidan hayarmu Baba Seidu ya rasu. Dattijo ne mai shiru, kullum yana kan wani dogon benci a barandar ɗakinsa da rediyo a kunne. Ranar addu'ar bakwai aka kafa rumfuna a ƙofar masallaci, gidan ya tashi kaf ya tafi. Ni ma na je, na shafa fatiha, na ci shinkafata, sannan na sulale. (Allah ya yafe mini, a ranar ban ga zaman makoki ba, gida na gani babu kowa.)

Rana ta take, haskenta na dukan fuskar wayar, ba na ganin komai sai 'yan ɗigon kore da manhajar ke yayyafawa a kan duk abin da ta kama. Haka na yi ta zagaye, hancina a waya, wani lokaci da baya-baya, har na gama na fice ina jin kaina wani babban injiniya.

Washegari da la'asar aikin ya haɗu. Hadari ya haɗo, ɗakina ya yi duhu, na buɗe aikin a kwamfuta na shiga. Wallahi ya yi kyau. Ga tsagar bango, ga tsatsar kwanon rufi, ga butar nan mai fasasshen hanci. Amma gidan ya yi wani irin shiru da ban taɓa saninsa da shi ba, kuma da yake manhajar ba ta kama sama, baƙi ne wuluk a bisa tsakar gidan. Na matsa wajen barandar Baba, sai yatsana ya ƙi motsi.

Akwai mutum a kan bencin. Yana zaune cikin farin ƙyalle tun daga kai, ya sunkuya kaɗan. Inda ya kamata a ga fuska babu ido, babu baki, sai wani abu sumul da ya janye gefe kamar kwaɓin fulawa. Hannuwansa na kan cinya, yatsun sun yi yawa, wasu na fita daga cikin wasu. Na kashe na sake kunnawa, yana nan. Na juya ta wancan gefen, sai na ga kamar shi ma ya karkato. Ta tagata ina hango ainihin bencin, babu kowa a kai. Tsoro ya kama ni irin wanda ke sa mutum ya manta farkon Ayatul Kursiyyu, ga shi ni kaɗai na san gidan ba kowa ranar.

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma na kira Fuseini, na sa ya rantse, na nuna masa. Ya ja da baya ya ce, “Chale, abokina, wannan likkafani ne. Tsohon bai tafi ba.”

Rantsuwar Fuseini ba ta kai ƙarshen lungu ba. Kafin a kwana biyu labari ya isa har unguwar Sofoline, kuma ya canja kaya a hanya. Ba a ƙara maganar kwamfuta ba, sai cewa ake kabari ya ƙi karɓar Baba Seidu, ana tambayar ko me ya aikata a ɓoye. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana sahun gaba, ga shi ana tauna sunansa a wajen masu koko. 'Yan haya suka daina bi ta barandar. Matarsa Mma Adiza, wadda ke cikin takaba, ta ji matan gida na raɗa, aka ce ta daina cin abinci. A nan ne hankalina ya tashi da gaske, domin matar nan ta sha aiko mini da tuwo ba tare da na roƙa ba.

Ita ce ta aika wa liman, Malam Nuhu. Ya zo bayan azahar da dattawa, mutane suka biyo su har tsakar gida ta cika. Aka kifa turmi, na ɗora kwamfuta a kai. Ni kuwa, ko don na ga taro, har da gyaran murya ina bayanin cewa wannan salon ba ya ƙarya, abin da ke wurin shi yake ɗauka. Da farin abin ya bayyana, aka ɗauki salati, wata mata ta ja ɗanta ta rufe masa ido.

Sai ga Mma Adiza ta fito daga ɗaki, lulluɓe da mayafi. Aka buɗa mata hanya. Ta daɗe tana kallo.

“Ɗana, kai shi ƙasa,” ta ce. “Wajen ƙafa.”

Na kai. Ban taɓa duba wajen ba, fuskar ce ta riƙe ni. Ƙafafun sun fito tar, har da jijiyoyi, saboda su ba su motsa ba. Suna cikin wani koren silifas da aka ɗaure igiyarsa da waya. Mma Adiza ta ɗan ɗaga zanenta. Silifas ɗin ne a ƙafarta.

“Wannan ni ne,” ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba. “Mai takaba yana zuwa wajen addu'a? Na fito shan iska, ina ja wa mijina tasbaha. Na ga ka shigo, na ce bari in gani ko yaron nan zai gaishe ni. Ka zaga ni, ka sake zaga ni, har ka taka min buta. Ko sannu ɗaya koraa babu.”

Kan da ke rausaya da zikiri, shi ya goge fuskar. Yatsun da ke jan tasbaha, su suka yi yawa. Na tsaya riƙe da gefen turmi, ina fatan ƙasa ta tsage in shige. Wani ya fara dariya a baya, ta bazu, Fuseini ya fi kowa, kamar ba shi ya ce likkafani ba. Malam Nuhu ya dube ni ya ce, “To, injin ya ga Hajiya. Kai ne ba ka gan ta ba.”

Mma Adiza ba ta yi dariya ba. Ta juya ga taron ta ce, “Duk wanda kuka faɗa wa, ku koma ku faɗa mishi. Mijina yana kwance lafiya.” Liman ya sa na tashi a masallaci bayan la'asar na warware maganar da bakina, ni da ban taɓa magana a gaban sahu ba.

Da na dawo na durƙusa a barandarta na yi gaisuwar da ta makara. Ta yafe mini, har ta tambaya ko na ci abinci. Ina shirin tashi ta dafa ɗaya gefen bencin, inda babu kowa, ta ce, “Kuma shi ba nan yake zama ba. Can ne wajensa. Ranar ma na bar mishi.”

Har yau ban buɗe aikin na duba wancan gefen ba. Na koma wa ƙwayoyin sukarina, su ba su taɓa ɓata sunan kowa ba. Kuma yanzu duk gidan da na shiga sai na yi sallama na gaishe da duk wani farin abu kafin in ɗaga waya. Na taɓa gaishe da buhun gari a shagon Fuseini, ban kuma ji kunya ba.