Baƙo Ba Ya Dasa Itace

Jama'a, wata ranar Talata kwanakin baya na tsaya layi tun hantsi har azahar don in karɓi itace. Ba itacen girki ba, wanda ko banza matata Sabuwa za ta sa mini albarka. Ɗan tsiron dogon yaro ne a cikin gwangwanin madara, tsawonsa bai kai kamu ba, ganyensa huɗu, biyu sun riga sun yi sallama da duniya. Sunansa a takarda "itacen 'yancin kai". Motar da ta kwaso su kwana uku ta yi a hanya babu mai, amma motar Maigirma Mai Lura da Itatuwa sau uku tana zuwa duba ko sun iso. Allah ya ƙara wa Maigirma lura.

Ga yadda zancen yake. An yi shela cewa ranar bikin 'yancin kai wani babba, wanda girmansa ya hana a faɗi sunansa, zai ratsa Bagudo ya je kan iyaka ya ɗaga wa mutanen Dahome hannu. Saboda haka duk gidan da ke bakin hanya sai ya dasa itace a ƙofarsa kafin Asabar. Gidan da babu itace, wai na 'yan ci-rani ne, za a ɗage shi a kai bayan kasuwa kada ya ɓata wa babba ido. To ni gidana a bakin hanya yake, nan nake gyaran keke, nan nake cin abinci. In aka kai ni bayan kasuwa sai dai in koma yi wa jakuna faci.

Abu mai goro, wanda ke ƙetarawa Dahome duk mako, yana gabana a layi. Ya dubi gwangwanin da aka miƙa masa, ya dubi sama, ya ce wa akawun da ke rabon, "Ranka ya daɗe, damina na naɗe tabarmarta, yanzu za a dasa itace?"

Akawun, Malam Mai Alƙalami Uku, uku ne a aljihunsa amma ɗaya ke rubutu, ko kai bai ɗaga ba ya ce, "'Yancin kai ba ya jiran ruwa."

Abu ya juyo ya raɗa mini, "Can ƙetare wata biyu ke nan da suka samu nasu. Da igiya aka ja layi aka dasa, tsaf-tsaf. Awaki ma a layi suka cinye su."

Ina cikin dariya aka zo kaina.

"Suna?"

"Ɗanliti mai keke."

"Ɗan gari ko baƙo?"

Wallahi nan take dariyar ta ƙare. Ni mutumin Sharabi ne, can aka binne cibiyata. Na bar ta ne don kekuna biyu ne kacal a garin, ɗaya kuwa nawa ne. Na zo Bagudo da niyyar rani ɗaya, yau shekara bakwai. Ko katangar ƙasa ban yi ba, zana ce nake sabuntawa, don kada wani ya zaci na zauna. Kuma ban taɓa raga wa garin nan ba. Furarsu ruwa, hayaniyarsu ta hana ka jin tunaninka, mutum ya gaishe ka yana tafiya kamar ana binsa. Sai dai kuma, tsakanina da ku, in kare ya yi haushi a unguwarmu na san na wane ne. 'Ya'yana uku nan suka faɗo duniya. In na kwana biyu ban ci kifin garin nan ba sai in ji bakina ya yi salam. Ina son garin, ina kuma jin haushin kaina da nake sonsa, kamar na ci amanar Sharabi.

Na ce wa akawu, "Rubuta ina nan dai."

Ya ce, "Babu gurbin 'ina nan dai' a takardar hukuma. Ɗauki gwangwaninka. In mun zo Asabar mun ga itace, kai ɗan gari ne. In ba mu gani ba, mun san abin da za mu rubuta."

Ka ji hukuma, Allah ya ja zamaninta. Tambayar da na kasa amsawa shekara bakwai, ta ba ni kwana huɗu.

Abin da Masu Manyan Riguna ba su sani ba, don ba su tambaya ba, shi ne a ƙasar nan baƙo ba ya dasa itace a filin aro. Shuka gero, shuka wake, kafa zana, babu mai ce maka kanzil. Amma ranar da ka dasa abin da zai yi saiwa, ka ce filin naka ne, kuma nan za a ɗauki gawarka. Filin da nake zaune a kai na Gidaɗo ne, dattijon Bafulatani mai shanu, wanda ya ara mini shi da baki ranar da na sauka. Na ɗauki gwangwani na nufi wurinsa.

Na same shi yana tufka igiya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗanliti, ni ban hana ka ba. Hilin ga ko akuya ba ta roƙe ni shi ba. Amma ba ka dasa shi da sunan hukuma. Ka tsaya gaban mutum uku ka ce da bakinka, 'Na zauna Bagudo,' in ba ka shi halak malak."

Na ce, "Baffa, ba a iya dasawa a yi shiru?"

Ya ce, "A'a. Shekara bakwai kana sha muna hura kana zaginta. Ina son in ji."

Ka ji mugun tsoho! Da ya hana ni, da na samu wanda zan ɗora wa laifi.

Sabuwa kuwa da na kai mata kuka, ko tankaɗen da take yi ba ta tsayar ba. Ta ce, "Malam, ni tun shekarar farko na san layin rijiya, na san mai ara mini turmi. Kai kaɗai ne baƙo a gidan nan."

Da na ga babu mai taya ni, ranar Alhamis na hau keke sai Sharabi, wurin yayana Ma'azu. Na ce bari in je gida in ji abin da gida zai ce.

An karɓe ni, ba laifi. Har ma karɓar ta yi yawa. Aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, wadda ake ajiyewa don surukai. Aka kawo ruwa a kwanon da ke da murfi. Na nufi tsohon ɗakina in rataye riga, Ma'azu ya tare ni da sauri, ashe albasa ce a ciki har rufi. Ina zaune sai na ji kukan kaza a bayan gida, kukan nan da ba a yin na biyu. Na ce, "Yaya, kazar mi ce?" Ya ce, "Haba, ka yi wagga tahiya a bar ka da miyar kuka?" Jama'a, shekara talatin na yi a gidan nan ba a taɓa yanka mini ko fara ba. Na ci kazar, ta yi daɗi, amma kowace loma sai da na tura ta da ruwa.

Zancen itacen ma ban iya tayar da shi ba. Maƙwabta suka yi ta shigowa: "Ina mutanen Bagudo? Yaya birni?" Ni kuma, abin kunya, sai ga ni ina kare furar Bagudo da wani ya ce ruwa ce.

Da safe Ma'azu ya raka ni har bakin gari, yana riƙe da kan kekena. Muka tsaya, ya sake shi, ya dafa kafaɗata ya ce, "To Ɗanliti, Allah shi kiyaye hanya. Ka gai da gida."

Na ce, "Zai ji."

Sai da na yi nisa na ji abin da bakina ya faɗa. Na sauka daga keken na zauna gefen wata gonar dawa. Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye, irin na babban mutum, wanda ake sharewa da hula a ce zufa ce. Babu wanda ya kore ni daga Sharabi. Kaza kawai aka yanka mini.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na tsaya gaban Gidaɗo da Abu da limamin unguwa na ce, "Na zauna Bagudo." Gidaɗo ya kama kunnensa ya ce tsufa ya taɓa shi, in ƙara. Sai da na faɗa sau uku, na ukun har masu wucewa suka ce amin. Na haƙa rami na dasa, na kewaye shi da ƙaya.

Babban kuwa? Bai zo ba. An ce hanyarmu ba ta dace da tayoyin motarsa ba, ya ɗaga wa Dahome hannu daga inda yake. Malam Mai Alƙalami Uku ma bai leƙo ba ranar Asabar, an ce yana can wurin rabon shinkafar biki, yana lura. Su sun manta da itatuwansu, ni an bar ni da ban ruwa safe da yamma, da fili, da gari sukutum. Ganyen ya zama shida, Sabuwa har ta fara zancen magina.

Af, kafin in manta. In akwai mai bi ta Sharabi cikinku, ya ce wa Ma'azu na isar da saƙonsa. Gida ya ji, yana amsawa.