Tasar Bashan Turkawa

A lokacin na ɗauki kaina masanin tsofaffin kaya, don kawai na shekara biyu ina dako a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda. Ranar nan na shiga layin masu sayar da kayan da, ina taɓa wannan ina raina wancan, har na tsaya kan wata tasar tagulla.

"Ya Hajji, kai ka san kaya," in ji mai shagon. "Daga gidan wani Bashan Turkawa ta fito."

Ya zaunar da ni, ya sa aka kawo ful, wato dafaffen wake, da burodi mai zafi. Ina ci ina yi masa lacca kan maƙeran Istanbul, garin da ban taɓa gani ba. Shi ke nan, na biya, ko ragi ban nema ba.

A gida sai da na tara mutane kafin na kwance ƙunshin. Matata ta juya tasar, ta kalli gindinta.

"Malam, wannan ai tawa ce. Yoyo take yi, shekaranjiya na ba mai sayen tarkace."

Yayarta ta yi dariya har ta ƙware.

Har yau in za a zubar da shara a gidanmu, sai wani ya ce, "Ku kai nesa, kada ya sayo mana."